Kifin banda ta waya: shekara huɗu na asara da gyara a kasuwancin wata malama a Birnin Kebbi

Matar da wannan nazari ya shafa malamar firamare ce a wata makaranta mai zaman kanta a Birnin Kebbi. Ta yarda in duba littattafan cinikinta da saƙonnin wayarta bisa sharaɗin ba zan kama sunanta ba. Alƙaluman da za a gani daga littattafan suka fito, ban da na farkon tafiyar, waɗanda muka tattaro daga bakinta da saƙonnin banki, domin a lokacin ba ta rubuta komai.

Asalin lamarin: 2020

Haifaffiyar Yelwa Yauri ce, aure ya kawo ta Birnin Kebbi. A gidansu akwai goggonta, ƙanwar mahaifinta, wadda ta tsufa a sana'ar banda: tana sayen ɗanyen kifi a hannun Sarkawa a bakin Kwara, tarwaɗa da ƙarfasa da ragon ruwa, ta gyara, ta ɗora a murhu. Da aka rufe makarantu a Maris 2020 saboda korona, albashin malamar ya tsaya cak. Ta ɗauki adashinta, naira 40,000, ta tura wa goggo, aka aiko mata da kwando guda a mota. Ta ɗauki hoto ta sa a sitatus ɗinta na WhatsApp, cikin kwana biyu maƙwabta da malaman makarantarsu suka saye shi tas.

Haka ta yi ta juyawa a cikin gari har aka buɗe makarantu. A Nuwamba 2020 wata tsohuwar ƙawarta da ke aure a Abuja ta ga hoton, ta ce a aiko mata. Daga nan kasuwancin ya fita gari. Sunan Kebbi ma ya taimaka, don mutumin Abuja ko Legas da ya ji Kebbi, bikin kamun kifi na Argungu yake fara tunawa, ko da kuwa kifin da ke gabansa daga Yauri ya fito.

Rani ya rufa asiri: Nuwamba 2020 zuwa Mayu 2021

Tsarin ba shi da wuya. Goggo ta aiko da kifi daga Yauri zuwa Birnin Kebbi, ta hanyar Koko da Jega. Malama ta ware, ta ƙirga guda-guda, ta ƙulle a leda tam, ta sa a kwali, ta kai tasha ta ba direba. Mai saye ya karɓa a tashar garinsu. Wani ya biya kafin a aika, wani sai kaya sun isa. Duk kuɗin suna shiga asusun da albashinta ke shiga, daga nan kuma ake cefane.

Akwai abu ɗaya da ta nace wa goggo a kai tun farko: a zaɓo mata kifi mai tsoka, mai sheƙi, wanda bai bushe ƙayau ba, domin shi ke yin kyau a hoto. Goggo ta yi yadda aka ce. Cikin hunturu da bazara babu wanda ya kawo ƙara. A azumin 2021, wanda aka fara a tsakiyar Afrilu, ta aika saƙo sama da 40, zuwa Abuja da Kaduna da Minna, biyu har Legas.

Fumfuna: Yuli zuwa Satumba 2021

Ƙarar farko ta zo a mako na biyu na Yuli. Wata Hajiya a Abuja ta yi odar kifi mai yawa don sunan jikarta. Da ta buɗe kwalin sai ta tarar leda ta yi gumi, kifin ya yi fari-fari da fumfuna, ga wari. Ta turo hoto ba tare da ko sallama ba. Kafin mako biyu su cika an sake samun biyu irin wannan. Kuɗin da malama ta mayar a kan ukun ya kai naira 54,000, kusan rabin abin da take ɗauka shi ne jarinta a lokacin.

Laifin farko a kan direba ta ɗora shi, kuma ba haka kawai ba. Tun bayan harin da aka kai Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri a ranar 17 ga Yuni 2021, direban da take ba saƙo ya daina tafiyar dare, saboda haka kwalin da ke isa Abuja washegari ya koma kwana biyu, wani lokaci uku, a bayan mota ƙarƙashin tamfol. Ta sauya direba. Saƙo na gaba ya isa da wuri, amma da ya kwana biyu a gidan mai shi, shi ma ya tashi. Sai ta ɗauka ruwan sama ne ke shiga, ta koma ninka leda biyu. Wannan ya ƙara dagula lamarin. Wata mai sayar da kifi a kasuwa ta ba ta shawarar ta riƙa yayyafa ɗan fiya-fiya a jikin kwalin, wai yana hana ƙwaro da komai. Wannan kam ta ƙi, ta ce abin da ba za ta ba 'ya'yanta ba, ba za ta aika wa 'ya'yan wasu ba.

Sai a ƙarshen Agusta, da ta je Yauri gaisuwar rasuwa, ta zauna da goggo a bakin murhu ta ba ta labarin duka. Har lokacin ba ta taɓa faɗa mata inda kifin ke zuwa ba. Goggo ta ɗauka duk a Birnin Kebbi ake cinye shi.

"Ɗiyata, ai wanga kihi na ci na, ba na tahiya na ba," in ji tsohuwar. "Kwana ukku gare shi. Mi ya hana ki tambaye ni?"

"Goggo, ban san akwai bambanci ba."

"Ke da anka haifa gidanga?"

Bayanin da ta samu ranar kowace mai banda ta san shi. Banda iri biyu ce. Akwai ta sama-sama, wadda kifi ke dahuwa ya sha hayaƙi amma da sauran ruwa a jikinsa. Ita ce mai daɗin ci nan take, ita ce kuma mai kyau a ido. Akwai ta ajiya, wadda ake maimaita wa wuta a hankali har kifin ya bushe ya yi sauƙi a hannu. Na farkon idan aka kulle shi a leda, ruwan jikinsa ba shi da mafita, zafin mota ya tayar da shi, ya zama raɓa a cikin ledar, fumfuna ta samu wurin zama. Da rani iska a bushe take, kifin kan ƙara bushewa a kwando tun kafin a ƙulle shi, shi ya sa ba a ga komai ba wata bakwai. Da damina iskar kanta a jiƙe take.

Daga Satumba aka koma banda ta ajiya, a bar kifi ya huce sarai kafin a naɗe shi da takarda mai tsabta, a huda kwali ta gefe. Fumfuna ta tsaya. Amma kifin ya ƙanƙance a ido, ya kuma zama mai saurin karyewa. Masu saye suka fara cewa an rage musu kaya. Don ta rufe bakinsu, sai ta shiga jefa gyara, guda ɗaya ko biyu a kowane kwali. Farashi kuwa ba ta taɓa shi ba.

Lamba shida: Fabrairu 2022

Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Ta tuna daren, don tana tsakiyar ciniki da wata mata a Kaduna, ta nemi lambarta ta kira sai ta ga ba ta ma ajiye ta ba. Da abin ya dawo ta manta da zancen.

Wata huɗu bayan haka, wani mutum ya kira ta da ladabi, yana "ranki ya daɗe, Hajiya". Ya ce daga ƙungiyar mata 'yan kasuwa da take ciki yake, za a yi taro ta waya a kan tallafi, an turo mata lamba shida ta shiga, ta karanto masa. Tana cikin aji, yara na surutu, ta karanto. Lambar ta rajistar WhatsApp ɗinta ce. Kafin a tashi makaranta an fitar da ita, mutumin ya kafa nasa lambobin sirri na tabbaci mai mataki biyu, abin da ita ba ta taɓa kunnawa ba. A ƙa'idar manhajar, wanda bai san waɗannan lambobi ba sai ya jira kwana bakwai.

Kafin ta gane abin da ya faru ta sake rajista, wanda shi ne ya fitar da ɓarawon, tuni mutumin ya sa tsofaffin hotunanta a sitatus da sanarwar rangwame da wata lambar asusu. Mata huɗu suka tura kuɗi, jimilla naira 71,000. Ta so ta kira kwastomominta ɗaya bayan ɗaya ta gargaɗe su, amma a cikin mutum sama da 100 da ta taɓa sayar wa kaya, lambobi 30 da 'yan kai kawai ke ajiye a wayarta. Sauran suna cikin hirarrakin da ba ta iya buɗewa.

A gida an yi saɓani. Maigidanta yana ganin ba ita ta karɓi kuɗin ba, don haka ba ta da abin biya, ta ba su haƙuri kawai. Ita kuma ta ce da sunanta da hotonta aka karɓa. Ta ci bashin adashi ta aika wa matan huɗu kifinsu cikin wata biyu. Uku daga cikinsu har yau suna saye a wurinta.

Bayan wannan ne ta sayi littafinta na farko, irin mai ganye 80 na 'yan makaranta. Suna, gari, lambar waya, ranar oda. Ta kunna tabbaci mai mataki biyu. Ta kuma buga 'yar takarda da take sawa a kowane kwali, ɗauke da lambar asusunta da jimla ɗaya: wannan asusu ba ya canzawa, duk wanda ya turo miki wani, ki kira ni. A watan da ya biyo baya wani ya gwada ta da hoton alat na bogi yana cewa a gaggauta aikawa, mota za ta tashi. Ta buɗe manhajar banki, ba ta ga komai ba, ba ta aika ba.

Talla da tarkace: sauran 2022

Don ta cike ramin da aka yi mata, ta nemi ƙarin ciniki ta hanya biyu. Ta biya naira 30,000 ga wani shafi mai ɗimbin mabiya ya tallata ta sau uku. Aka yi ta danna alamar so, aka yi ta tambayar "nawa?", oda biyu ta fito. Sannan ta ƙara kaya: albasar Aliero, shinkafar gida, man shanu, har da atamfa. Albasa tana da nauyi, kuɗinta kaɗan, kuɗin mota ya cinye abin da ke kanta, wata kuma ta ruɓe a hanya. Atamfa shida suka kwanta a ɗaki. Ga masu saye na Legas kuma ta ƙirƙiro "aike kyauta", don ta ga wasu na yi.

A ido dai kasuwa na ci. A wasu watannin 2022 ta aika saƙo 50. Abin da ya riƙa ɗaure mata kai shi ne duk ƙarshen wata sai ta haɗa da albashi kafin ta iya tura wa goggo kuɗin sabon kaya.

Kuɗi a asusu, babu a hannu: Janairu zuwa Maris 2023

A Oktoba 2022 Babban Bankin Najeriya ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Wa'adin tsofaffin ya kasance 31 ga Janairu 2023, aka ɗaga zuwa 10 ga Fabrairu, tsabar kuɗi kuma ta yi ƙarancin da kowa ya sani, har zuwa bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 3 ga Maris. Kwastomominta ba su da matsala, dama tura kuɗi suke yi. Matsalar tana bakin ruwa. Masuntan da goggo ke saye a hannunsu tsaba suke karɓa, da yawansu ba su da asusu. Mai POS ɗin da ake samu a unguwar goggo ya yanka naira 1,500 a kan kowace 10,000. Malama ta biya haka sau biyu, tana ganin ribarta za ta ɗauka. A karo na uku ko a haka ba a samu kuɗin ba. Tana riƙe da kuɗin oda 19 da ba ta da kifin cikawa. Ta mayar wa 11, takwas suka ce za su jira. Kasuwanci ya tsaya mako biyar.

A wannan zaman ne ƙanenta, wanda ya karanta ilimin akanta a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, ya zo gidan ya tarar tana lissafi a bayan takardar jarrabawa. Ya ce, "Yaya, kawo in gani." Suka kwashe yammaci uku suna bin saƙonnin banki na wata shida da littafin sunaye, yana tambaya, tana tunowa.

A kanta, duk cinikin naira 10,000 akwai ribar 2,500, wato bambancin abin da ta biya goggo da abin da ta sayar. Shi kuma ya shiga cirewa. Kuɗin motar kawo kifi daga Yauri, kimanin 400. Kwali da takarda da salatif da Keke zuwa tasha, 350. Kifin da ke karyewa, wanda take zubawa a miyar gida ko ta bayar, 500. Gyaran da take jefawa tun 2021, 250. Data da katin waya, 200. Wanda ake ci a gida da wanda dangi ke ɗauka "zan kawo", 300. Abin da ya rage naira 500 ne. A saƙon Legas, inda take biyan kuɗin aike da kanta, kusan 1,200 ke ƙara fita, wato kowace 10,000 tana tafiya da 700 daga aljihunta. Kuɗin da ta ba mai POS kuwa ya ninka ainihin ribarta.

Akwai tambayar da ya yi mata wadda ta ce ta fi alƙaluman yi mata zafi.

"Yaya, motar Abuja ta ina take bi?"

"Ta Yauri, ta Kontagora."

"To me ya kawo kifin nan Birnin Kebbi?"

Shekara biyu da 'yan watanni kifi na tasowa daga Yauri ya yi arewa, ya kwana, a mayar da shi kudu ta kan hanyar da ya baro, ya wuce ta ƙofar gidan da aka banda shi.

Bayan cire tallafin mai: Yuni 2023 zuwa ƙarshen 2024

Ba ta sauya komai nan take ba. Azumi ya shigo a ƙarshen Maris, oda ta dawo, ta ci gaba yadda ta saba, sai dai ta daina aike kyauta. Abin da ya tilasta mata shi ne sanarwar cire tallafin mai ta 29 ga Mayu 2023, lokacin da litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin mota ya bi ta.

A Yuni ta mayar da ɗaurin kaya Yauri. 'Yar goggo ce ke yi, ana biyanta a kan kowane kwali. An sayi sikeli, aka daina sayarwa da ƙirge, aka koma kilo, gyara ta mutu da kanta tunda mai saye yana ganin nauyin a hoto. Gutsattsarin da ke karyewa ana tara shi a sayar daban da rahusa ga masu son na miya, har ya samu nasa kwastomomin. Aike ya koma rana ɗaya a mako. Na Abuja duk a haɗa a babban kwali guda zuwa ga wata 'yar uwarsu a Kubwa, masu saye su karɓa a wurinta ko su biya ɗan aike. Albasa da shinkafa da atamfa duk ta sauke su. Ta buɗe asusu na biyu na kifi zalla, kifin da za a ci a gida ma sai an saya.

Ba a tafi sumul ba. A Yuli an yi musayar kwali biyu, na Minna ya tafi Kaduna, daga nan aka sa dokar ɗaukar ɗan bidiyo kafin a rufe kowane kwali, da sunan mai shi a rubuce. Farashi ya tashi, mutane suka janye: cikin sunaye kusan 140 da ke littafi, waɗanda suka sake saye a wata shida na farko ba su kai 90 ba. Wata 'yar uwa ta yi fushi da aka ce ta biya kafin a ba ta, har yau gaisuwarsu sama-sama ce.

A bayan littafin ta ware shafi ta rubuta "asara" a kansa: rana, abin da ya faru, nawa ya tafi, daga ina ya faro. Na ƙirga layi 14 daga Yuni 2023 zuwa Disamba 2024, mafi girma naira 18,000. A daminar 2024 kwali ɗaya ne ya lalace cikin kusan 120. Saƙo a wata ya tsaya tsakanin 30 da 35, ƙasa da na 2022, amma a kowace 10,000 kimanin 1,800 ke saura. Tun Agusta 2023 albashi bai sake shiga asusun kifi ba, kuma a ƙarshen 2024 akwai naira 310,000 a ciki.

Abin da na gani a littattafan

Idan ita ke ba da labarin, abubuwan waje take fara lissafawa: rashin tsaro, ɓarawon waya, canjin kuɗi, tsadar mai. Duk sun faru, kuma babu wanda ta jawo. Amma ni da na bi takardun, ban ga ko ɗaya da ya kawo sabuwar cuta ba. Ledar tana nan tun ranar farko, damina ce ta nuna ta. Lambobin da ba a ajiye ba, daren 4 ga Oktoba ya nuna su kyauta, aka ƙi gani, sai da aka biya 71,000. Ribar 500 tana nan tun lokacin da take murnar saƙo 50 a wata.

Gyare-gyaren da suka faɗi duk iri ɗaya ne: an yi su kafin a gano inda matsalar ta faro. Sauya direba, ninka leda, biyan talla, ƙara kaya. Waɗanda suka yi aiki kuwa sun biyo bayan zama da wani da ya san abin da ba ta sani ba, kuma sau biyu mutumin na cikin gida ne, bai karɓi ko sisi ba. Abin da ya jinkirta ta, a ganina, kunya ce: malamar makaranta ta ce wa goggon da ba ta yi boko ba "ban sani ba", ko yaya ta buɗe wa ƙane asusunta. A kan biyan matan huɗu, ina ganin ita ce da gaskiya ba maigidan ba, ko da ta fuskar ciniki zalla aka duba, don abin da ukun suka saya daga baya ya haura 71,000 nesa.

Akwai kuma rabon da ba dabararta ba ce. Albashi ne ya riƙe ta shekara biyu tana ciniki ba riba. Wadda ba ta da shi da tuni ta rufe. Haka samun 'yar uwa amintacciya a Kubwa.

Har yanzu da sauran ramuka. Kayanta ba su da rajistar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, don haka wani kanti a Abuja da ya nemi ta riƙa kawo masa, maganar ta tsaya a nan. Mafi girma kuma, dukan kasuwancin yana tsaye a kan murhu ɗaya da hannun tsohuwa ɗaya, wadda hayaƙi ya fara taɓa mata ido. 'Yar goggo ta iya ɗauri da awo, amma ba ta kai ga gane lokacin da kifi ya ƙoshi da wuta ba. A hutun Disamba 2024 malamar ta yi kwana goma a Yauri, ita da 'yar goggon suna banda, tsohuwar na zaune a tabarma tana karɓar kifi ɗaya-ɗaya tana matsawa da yatsa. A kwandon farko, kusan rabi ta mayar musu kan wuta.